GUZURIN RANA: ABIN DA MUKE CI DA ABIN DA MUKE YARWA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2007 ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)





Ranar da Sakataren ƙungiya ya buga mini waya ya ce an sa ni cikin masu jawabi bana, ya tambaye ni a kan me zan yi magana, sai na ce masa a kan kular abinci. Ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Can ya ce, "Kai har yanzu ba ka bar wasa ba?" Na ce masa wallahi da gaske nake. To, na san a irin wannan taro an saba jin manyan batutuwa, ilimi da tsaro da makomar Arewa, daga bakin manyan mutane. Ni kuwa ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, aikina fayil da biro. Amma ina roƙon ku yi haƙuri da ni na ɗan lokaci, domin abin nan da muke ɗauka ƙarami ya taɓa lafiyata, ya taɓa albashina, har ya shigo mini gida da tsakar dare.

Waɗanda muka yi aji tare za su tuna yadda muke rugawa gindin darbejiya da zarar an kaɗa ƙararrawar tara. Ga mai ɗanwake, ga mai rogo da ƙuli, ga mai awara, ga mai dafaffen dankali da yaji. Lokacin da muka shigo aji ɗaya, mai ɗanwake da 'yan kwanukanta take zuwa, ka ci ka mayar mata, ta ɗauraye ta zuba wa na bayanka. Ruwan ɗaurayar nan dai gara kada mu tuna kalarsa, Allah ne kawai ya tsare mu. Amma kafin mu fita aji shida kwanukan sun ɓace, komai ya koma leda. Mu da kanmu muka yi murna da haka, muna ganin ci gaba ne, tunda kana iya cusa ɗanwakenka a aljihu ka ƙarasa shi a bayan aji, malami na rubutu a allo. Ina ganin wasu malamanmu suna murmushi. Ashe kun sani.

Kakata, Allah ya jiƙanta, a nan Gyallesu ta tsufa, kuma har ta rasu ba ta yarda da leda ba. Takan ba mu labarin yadda ake cefane a ƙuruciyarta: daddawa a ganye, goro a ganyen fita, hatsi a ƙwarya, mai kuwa da kwalbarka za ka je. Abincin gona a akushi ake kai shi, a rufe da faifai, ruwa a gora. Fatake da maniyyatan da suka tafi Makka a ƙasa guzurinsu gumba ne da dakuwa da ƙuli da kilishi, wato abubuwan da aka busar don kada su lalace a hanya. Duk waɗannan mazubai, in sun tsufa, ko dai ƙasa ta cinye su ko akuya ta cinye, ba wanda ya taɓa share su daga kwata. Muna yara muna yi mata dariya, muna cewa Iya ba ta waye ba.

Shekaru uku da suka wuce na sayi ɗan rago tun da wuri, da niyyar in kiwata shi zuwa layya in huta da tsadar kasuwa. Dusa na ba shi, harawa na ba shi, ƙaiƙayi da kanwa duk ba abin da na rage. Da rana yara kan sake shi ya ɗan zaga bayan gida. Amma rago sai ramewa yake, ciki ya yi tulu, ƙashin baya a waje, ga shi ba ya cin kirki. Ranar Salla da mahauci ya farke tumbinsa, sai ya kira ni ya ce, "Alhaji, zo ka ga abin da ka kiwata." Wani baƙin dunƙule ne ya ciro, ya murɗe kamar igiya, ya kusa kai girman kan yaro. Leda ce zalla. Mahaucin ko a jikinsa, ya ce su kullum suna ganin haka a mayanka, a shanu da tumaki da awaki. Dabba tana jin ƙanshin gishiri da mai a jikin ledar da aka ci abinci, sai ta haɗiye. Leda ba ta narkewa, sai ta taru ta cika tumbi, dabba ta riƙa jin ta ƙoshi alhali yunwa na cinta. Na tsuguna na duba dunƙulen nan da tsinke. A ciki na ga ledar wani biskit da nake saye katan-katan ina ba yarana su tafi da shi makaranta.

A daminar wannan shekarar kuma, cikin watan Agusta, aka yi ruwan dare mai ƙarfi, kwalbatin bakin layinmu ya toshe, ruwa ya juyo ya shigo mana zaure har tsakar gida. Da asuba muka fito da shebur da manjagara, mu da maƙwabta. Abin da muka yi ta jawowa ba ƙasa ba ce, ba kuma itace ba: ledar ruwa ce da baƙar leda da robar lemo da farin mazubin nan mai kama da soso da muke kira tekawe. Kowa na zagin hukuma, ni ma na taya, ga shi ni ma ma'aikacin hukuma ne. Amma ba hukuma ce ta sha ruwan ledar nan ta yar ba. Wadda ba ta maƙale a kwalbati ba kuma ta gangara Kubanni, daga can ta wuce Galma, ta bi ta lambunan da ake noma mana latas da kabeji da tumatir. Manoman gefen gari sun daɗe suna kwasar shara daga cikin gari suna zubawa a gona a matsayin taki. A da sharar toka ce da kashin dabbobi da ɓawo. Yanzu duk wanda ya bi hanyar ƙauye da rani ya ga gonaki sun yi baƙi da leda, kowace ƙaya ta rataya tata.

Wannan matsala ta duniya ce baki ɗaya. Ana ƙera fiye da tan miliyan 400 na roba da leda kowace shekara, kuma abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Bangladash ta hana siririyar leda a 2002, bayan ta ga yadda take toshe magudanan ruwa ta ƙara musu ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, da tara mai tsanani ko ɗauri. Maƙwabtanmu Nijar sun yi tasu dokar a 2014, sai dai wanda ya je Maraɗi ya san doka daban, aiki da ita daban. A nan gida, Jihar Legas ta haramta tekawe na soso a Janairun 2024, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince a Yunin 2024 da a daina amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Ni dai a matsayina na wanda ke rubuta takardun umarni yana kuma ganin inda suke ƙarewa, ba zan ce mu zauna jiran doka ba. 'Yan jari-bola suna taimakawa, suna tsince ƙarfe da robar lemo domin akwai mai saye, amma baƙar leda ba ta da nauyi balle daraja, ba mai sunkuya mata. Mu kuma sai mu tara ta mu cinna mata wuta da magariba, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi da masu asma.

To, wannan ɓangaren shara ke nan. Ɓangaren da ya fi tsorata ni shi ne na jikina. Ina da shekara 34 aka yi mana gwajin lafiya a wurin aiki, ma'aikaciyar jinya ta auna ni, ta sake aunawa, ta dube ni ta ce, "Malam, kana shan maganin hawan jini ne ka daina?" Na ce ni ban taɓa sanin ina da shi ba. Da na ga likita, kafin ya rubuta komai sai ya ce in faɗa masa abin da na ci jiya da rana, da shekaranjiya, da ranar da ta gabace ta. Na fara lissafi: soyayyar taliyar leda da ƙwai a wurin mai shayi, da lemon kwalba; farar shinkafa da miya mai iyo da mai a tekawe, da lemon kwalba; fanke da lemon kwalba. Ban kai kwana na huɗu ba kunya ta kama ni. A gidana ana dafa abinci mai kyau, amma daga ƙarfe 7 na safe zuwa 5 na yamma, kwana biyar a mako, cikina yana hannun wanda ribarsa ke cikin yawan gishiri da mai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Sukari kuwa kada ya wuce kimanin giram 50, cokalin shayi 12 ke nan, in an rage ya fi. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana iya ɗauke da kusan wannan adadi ita kaɗai. Sa'an nan ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Da na auna kaina da wannan ma'auni, na farko da na biyu na ninka su, na ukun kuwa sai dai ɗan yankan kabejin da ake ɗorawa a kan shinkafa don ado.

Ga kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda farashi ya yi. Mu ɗauka kwanon abinci da ruwa da lemo a bakin ofis naira 1,500 ne, kuma na san a wurare da yawa ya fi haka. A kwanakin aiki 22, naira 33,000 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato masinjan ofishinmu, in zai ci irin yadda nake ci, kusan rabin albashinsa zai tafi a abincin rana shi kaɗai, iyali ba su gani ba. Shi ya sa da yawa daga cikinsu suke wuni da ruwan leda da goro, mu kuma muna cewa ba su da kuzarin aiki.

Daga nan na sayi kula mai hawa biyu da gorar ruwa ta silba, na sa tela ya ɗinka mini 'yar jaka da ragowar yadi. Zan gaya muku gaskiya, abin da ya fi wuya ba girkin ba ne, shiga ofis da jakar ne. Makon farko na sha tsiya. Wani ya ce na zama ɗan firamare, wani ya ce uwargida ta hana ni kuɗin kashewa, wani ya ce saura ta ɗaura mini hankici a wuya. Abin mamaki, a garin da iyayenmu suka yi shekara da shekaru ana kai musu abinci rumfar kasuwa daga gida, kuma attajiri ne ma ake kai wa langa uku. A Mumbai ta Indiya akwai masu sana'ar kai abinci da ake kira dabbawala, tun 1890 suke yi. Kafin annobar 2020, mutum wajen 5,000 ne ke kwasar kwanukan abinci kusan 200,000 kullum daga gidaje zuwa ofisoshi, a keke da jirgin ƙasa, su kuma mayar da kwanon gida da yamma. Manajan banki ma abincin gidansa yake ci, ba wanda ya ce ya faɗo. Mu nan ne muka mayar da cin abincin titi alamar samu. Yau dai mu huɗu ne masu kula a ofishinmu, kuma wanda ya fi kowa yi mini tsiya shi ne ya fi kowa miƙo cokali.

Me ake zubawa a ciki? Nan ne nake so in ɗan daɗe, domin mutane da yawa suna zaton abinci mai gina jiki sai an je kanti. Malaminmu na Kimiyyar Noma, wanda nake hango shi can a layin gaba, ya koya mana a aji uku cewa hatsi da wake kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa na sinadarin gina jiki, in an haɗa su sai su cika juna. Na rubuta a jarrabawa na ci maki, amma sai bayan shekara 20 na gane cewa garau-garau yake nufi. Shinkafa da wake, ɗanwake, alale da kunu, ƙosai da koko, dambu da gyaɗa: iyayenmu mata sun yi wannan haɗi tun ba a buɗe Samaru ba. Abin da nake yi kawai shi ne gyaran ma'auni. In garau-garau ne, wake ya kusa kai shinkafa yawa, mai cokali ɗaya maimakon a yi masa wanka, sa'an nan a cika gefe da tumatir da albasa da kokwamba ko kabeji. In dambu ne, zogale ya yi yawa har ya rinjayi tsakin. Ɗanwake yana son dafaffen ƙwai da tumatir. Dafaffen dankali da awara da yaji abinci ne cikakke, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ranar da ba a samu sukunin girki ba, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli ya wadatar, a haɗa da gurasa ko dafaffen rogo. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna rage buƙatar dunƙule ƙwarai. Mu daga huɗu muka koma ɗaya a tukunya, mako biyu aka yi ana ƙorafi, daga baya harshe ya saba.

Wani abu da likitan ya ƙara mini: wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da abu mai bitamin C, kamar lemon zaƙi ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, shayi kuwa yana rage ɗaukarsa in an kora da shi nan take. Wannan ya fi shafar 'yan mata da mata masu ciki. Saboda haka ɗan itace ɗaya ba ya rabuwa da jakata, kuma na lokacinsa nake saye domin shi ne mai araha: mangwaro da bazara, gwaiba da yalo da damina, lemo da karas da sanyi. Ayaba da lemo Allah ya halicce su da marufinsu, ba su buƙatar leda. Maimakon biskit, aya da dabino da gyaɗa. Maimakon lemon kwalba, ruwa; in an so daɗi, zoɓo ko lamurje na gida da ɗan sukari kaɗan, a gorar da za a wanke a sake amfani da ita gobe.

Amma fa akwai haɗari, kuma na faɗa cikinsa, don haka nake gargaɗi. Wata rana cikin zafin Afrilu aka dafa shinkafa da daddare, aka ɗauke wuta, ta kwana a tukunya. Da safe muna sauri, aka ɗan ɗumama ta sama-sama aka zuba wa 'yata a roba. Ƙarfe ɗaya aka kira ni daga makaranta, tana amai. Mun kwana asibiti ana ƙara mata ruwa. Laifin ba na kowa ba ne sai namu. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi-ɗumi sai ta hayayyafa ta zubar da dafi, wanda ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya kasance da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. A garin da zafi kan kusa digiri 40 da bazara, wuta kuma ba tabbas, wannan ba abin wasa ba ne. Tun daga ranar, abin da za a tafi da shi da safe ake dafa shi. Ana zuba tafasasshen ruwa a kula a bar shi minti biyar ta ɗauki zafi, a zubar, sa'an nan a zuba abinci yana tururi, a cika ta, a rufe, kada a yi ta buɗewa. Ɗanyen ganye da tumatir a mazubi daban, ƙulin kwaɗo ma daban, sai za a ci a haɗa. Kayan lambu a wanke su sosai da ruwa mai tsabta, musamman da damina lokacin amai da gudawa, tunda mun san ruwan da wasu lambunan ke sha. Gyaɗa ko ƙulin da ya yi fumfuna ko ɗaci a zubar da shi, domin dafin da ke ciki hanta yake ci a hankali. Robar fenti da ta magani ba mazubin abinci ba ne, komai wankinta. Abinci mai zafi kuma a raba shi da leda da tekawe. Zafi da mai suna sa sinadaran roba su ratsa cikin abinci. A 2016 Ministan Noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya yi gargaɗi a kan dafa alale a leda, mutane suka mayar da abin raha. Alhali ga gwangwanin alale nan da muka taso da shi, ga ganyen ayaba, kuma kowa ya san na ganye ya fi daɗi.

Kada a ce na ce duk roba haramun ce. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake adana wake, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ya raba manoma da yawa da zuba wa wake maganin ƙwari, irin maganin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015. Wannan leda ce mai amfani, ana kuma yin shekaru da ita. Rigimata da wadda ake amfani da ita minti goma ne, ta yi shekaru masu yawa a kwata. Wanda kuma ba shi da firij, ya tuna da dabarar tukunya cikin tukunya ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wadda ta ci masa lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da yalo da ganye suna kwanaki a ciki ba su yi yaushi ba, musamman lokacin da iska take a bushe.

Akwai wata magana da 'yan'uwanmu mata da ke wannan zaure suke jira su ji ko zan faɗa. Na san wasu suna cewa a ransu, to, wa zai tashi da asuba ya yi duk wannan? Gaskiya ne. Da na fara, na ɗora wa uwargida aiki a kan aiki, ita ma kuwa malamar makaranta ce, ƙarfe 7 take fita. Wata biyu ta yi tana haƙuri, ran nan ta ajiye mini kular a gabana ba a wanke ba, ba ta ce komai ba. Na gane karatun. Yanzu cefanen Asabar a kasuwar Tudun Wada nawa ne, da jakata nake zuwa, in mai tumatir ya ɗauko leda in ce ya bar ta. Tsince wake da gyaran zogale da daddare ni da yara ne. Wanke kula da gora kowa nasa, har ni. Ban ga rawanin da ya faɗi ba.

Yara kuwa sai da dabara. Ɗana ya taɓa dawowa da ɗanwakensa bai taɓa ba, ya ce 'yan ajinsu suna ce masa ɗan ƙauye, su biskit da lemon kwali ake ba su. Na ji zafin abin, domin na tuna dariyar da muka yi wa Iya. Faɗa ba ya maganin wannan. Abin da ya yi aiki shi ne barinsa ya zaɓi abin da za a zuba masa cikin abu biyu ko uku, da ba shi ɗan ƙari don ya sam wa abokinsa, da kuma magana da iyaye biyu-uku na ajin har muka daidaita. Yaro ba ya son ya zama shi kaɗai ne daban. In sun kai huɗu masu kwaɗo, sai mai biskit ya fara roƙo.

Mai girma Shugaba, ina da roƙo guda biyu ga wannan ƙungiya. Mun saba in mun tara kuɗi mu yi fenti ko mu gyara ƙofa, kuma duk suna da kyau. Amma na zaga bayan azuzuwa da safen nan kafin a fara taro, na ga abin da ya fi yawa a ƙasa ledar ruwa ce. Yaro ba zai daina sayen ruwan leda ba sai in akwai ruwan da ya yarda da shi a kusa. Ina ba da shawarar aikinmu na bana ya zama tankin ruwan sha mai famfuna da matata, da wanda za a ɗora wa alhakin wanke shi, sa'an nan kowane sabon ɗalibi a ba shi gora mai sunansa. Na biyu, a zauna da masu tallar abinci na bakin ƙofa, ba don a kore su ba, domin da wannan sana'a suke riƙe marayu da 'ya'ya, kuma su suka ciyar da mu. A taimaka musu da kwanukan silba da wurin wanki mai ruwa da sabulu, a yi rumfa, wanda ya zo da kwanonsa daga gida a ɗan ƙara masa. In an amince, ni da 'yan ajinmu mun ɗauki nauyin kwano 100 na farko. Mun riga mun yi magana, wanda bai ji ba yanzu ya ji.

Hawan jinina, alhamdu lillahi, ya sauka, ko da yake likita bai sallame ni ba, kuma ina roƙon duk wanda ya haura 30 a zauren nan ya je a auna shi cikin makon nan. Daga ƙarshe, kwamitin abinci ya ce in sanar cewa bana ba tekawe. Dambu ne da zogale, da shinkafa da wake, a tire da langa da muka aro daga gidajen maƙwabta, zoɓo kuma a kofi. Iyayenmu malamai su zauna a kawo musu. 'Yan ajin 2007 kuma kada kowa ya sulale bayan an ci, mu ne da wanke-wanke.